Ki Amsa wa Mahaifiyar Yaron Nan Wasiƙarta

'Yata,

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da kika faɗa mini ranar sunan nan, muna kicin muna zuba wa baƙi abinci. Na tambaye ki ko mahaifiyar yaron nan da kuke riƙo na rubuto wasiƙa har yanzu, kika ce tana rubutowa, ke ce dai kika daina amsawa, kuma kin tambayi lauya ya ce babu dokar da ta tilasta miki. Ban tanka ba a wurin, don ba a yi wa mutum faɗa a idon jama'a. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Yayana, mahaifinki, ba ya raye, ni ce makwafinsa a ƙasar nan ta Ingila, in na ga abu na yi shiru na ci amanarsa. Ki daure ki karanta har ƙarshe. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Bari in fara da inda kike da gaskiya. Lauyanki bai yi miki ƙarya ba. Kin san na daɗe ina aiki a sashen kula da yara na wata ƙaramar hukuma kafin in ajiye aiki, irin takardun nan sun sha ratsawa ta hannuna. Dokar da ake bi a Ingila da Wels ita ce ta riƙo da al'amuran yara ta 2002, wadda ta fara aiki a ƙarshen Disamban 2005. Ranar da alƙali ya ba da umarnin riƙon dindindin, duk ikon da mahaifan yaro ke da shi a kansa ya faɗi, ya dawo hannunku. Sashe na 67 ya ce daga ranar za a ɗauki yaron a doka tamkar ku kuka haife shi. Matar da ta yi naƙudarsa ba ta da ta cewa a kan makarantar da zai shiga, ko asibitin da za a kai shi, ko ƙasar da za ku tafi da shi.

Ita kuwa takardar da kuka sa wa hannu, cewa za a riƙa musayar wasiƙa sau ɗaya a shekara ta hannun hukumar riƙo, yarjejeniya ce ta ganin dama. Tsarin akwatin wasiƙa ke nan: ke ki rubuta ki aika ofis, su karanta su tabbatar babu adireshi ko sunan makaranta a ciki, su miƙa mata, ita ma ta rubuto, su duba, su miƙo miki. Ba ta san gidanku ba, ba ku san nata ba. In ɗaya ya daina, iyakar abin da ofis zai yi shi ne ya aiko da takardar tuni.

Hanyar kotu tana nan, amma mai ƙunci ce ƙwarai. A 2014 majalisa ta ƙara wa dokar sashe na 51A, wanda ya ba alƙali ikon yin umarni iri biyu, ko a ranar riƙon ko bayanta: ya umarci masu riƙo su bar yaro ya ziyarci wani ko su riƙa hulɗa ta wata hanya, ko kuma ya hana wani kusantar yaron kwata-kwata. Waɗanda za a iya ambata a umarnin sun haɗa da duk wanda ya haɗa jini da yaron, ko da ta uwa kaɗai ne ko ta uba kaɗai, da wanda yaron ya zauna a hannunsa aƙalla shekara guda. Ku masu riƙo, da shi yaron, kuna iya shigar da buƙata kai tsaye. Mahaifiyarsa kuwa, ko kakarsa, ko yayarsa, sai sun fara neman izinin kotu tukuna. Kafin alƙali ya ba da izinin sai ya auna ko buƙatar za ta hargitsa rayuwar yaron har ta cutar da shi, ya duba kusancin mai nema da yaron, ya saurari ta bakinku. In ma an ba ta izinin, tun 2005 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta nuna cewa da wuya ƙwarai a ɗora wa masu riƙo hulɗar da ba su yarda da ita ba. A 2019 Sir Andrew McFarlane, shugaban sashen shari'un iyali a lokacin, ya jaddada cewa sabon sashen bai sauya wannan matsayi ba. To kin ga, a aikace makullin yana hannunki.

Nan ne fa muka rabu, ni da ke. Ke kin ji an ce ba dole, kika ɗauka an sauke miki nauyi. Ni kuwa da na sha zama a ɗakunan shari'ar nan na san dalilin da ya sa alƙalai ke janye hannu. Sun lura cewa ziyarar da aka yi bisa tilas, uwar riƙo na ɗaure fuska, mahaifiya na sharar hawaye, yaro ne ke shan wahalarta a tsakiya. Sai suka ce tunda an tantance mutanen nan, an shiga gidajensu, an horar da su, an damƙa musu rai guda, a bar su su yi abin da ya dace. Yarda ce kotu ta yi da ke. Kuma ki tuna, sashe na 46 ya wajabta wa alƙali, kafin ya ba da umarnin riƙo, ya duba ko ya kamata a tsara wata hulɗa tsakanin yaro da wani nasa, ya ji ra'ayin kowane ɓangare. Alƙalinku ya duba, ya tarar kin ɗauki alkawarin wasiƙa, ya ga ba sai ya yi umarni ba. Da kin ce masa a ranar, "Ranka ya daɗe, zan rubuta na ɗan lokaci in daina," kina ganin shiru zai yi? Alkawari kaya ne, 'yata, kuma wanda aka yi wa mai rauni ya fi kowanne nauyi, don shi ba shi da inda zai kai ƙara sai wurin Allah.

Kada ki ɗauka tausayi ne kawai ya sa mutanen ƙasar nan suka fito da akwatin wasiƙa. Sun gwada raba ɗa da mahaifiya har abada, sun ga abin da ya haifar. Dokar riƙo ta farko a Ingila ta fito a 1926, daga baya abin ya koma sirri: a karɓi jariri yana ɗan makonni, a sauya masa suna, a ce wa uwar ta je ta manta. Kwamitin majalisar dokokin Birtaniya mai kula da haƙƙin ɗan Adam ya fitar da rahoto a 2022, ya ƙiyasta cewa jarirai kusan 185,000 aka karɓa daga hannun mata marasa aure a Ingila da Wels tsakanin 1949 da 1976, da yawansu bisa matsin lamba da kunyatarwa. Iyayen ba su manta ba, 'ya'yan da suka girma ma ba su daina nema ba. Shi ya sa dokar yara ta 1975 ta ba wanda aka riƙa damar karɓar takardar haihuwarsa ta asali in ya cika shekara 18, sannan a 1991 aka buɗe rajistar da ɗa da danginsa ke sa sunayensu don a haɗa su.

Na taɓa zama da ɗaya daga cikin 'ya'yan wancan zamani, dattijo mai furfura, ya zo ganin fayil ɗinsa. A cikin 'yan takardun da suka koɗe don tsufa akwai kati guda da mahaifiyarsa ta aiko yana ƙarami, da roƙon a ba shi in da hali. Ba a ba shi ba. Ya juya katin gaba da baya, ya shafa rubutun da yatsa, ya tambaye ni ko akwai wani. Da aka bincika, ta rasu da daɗewa. Ya ce masu riƙonsa mutanen kirki ne, har jami'a suka kai shi. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne ya tsufa yana zaton matar nan yar da shi ta yi ta juya baya, alhali katinta na kwance a kabad.

Masu bincike ma sun bi diddigin abin. Farfesa Elsbeth Neil ta Jami'ar East Anglia da ke Norwich ta bi sawun wasu yara da aka riƙa suna ƙanana, tun daga 1996 har suka zama samari da 'yanmata. Ta gano cewa wasiƙa, da ake ganin ita ce hanya mai sauƙi, sau da yawa a hanya take mutuwa, don kowane ɓangare yakan rasa abin faɗa, ɗaya ya yi shiru, ɗayan ma ya bi. Yaran da suka fi gamsuwa kuwa su ne waɗanda hulɗarsu da dangi ta ɗore, kuma ba a ɓoye musu zancen a gida. A Nuwamban 2024 wani kwamitin alƙalai da lauyoyi da ma'aikatan walwala, ƙarƙashin Mai Shari'a Judd, ya fitar da rahoto yana cewa wasiƙa kaɗai ta yi kaɗan ga wannan zamani, a riƙa duba yiwuwar ganawa ido da ido matuƙar babu haɗari. Ki duba fa, masu dokar na ƙoƙarin faɗaɗa ƙofa, ke kuma 'yar tagar da aka bari kike neman toshewa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne daga gare ki wannan ta fito, ke da kika fito daga gidan da ake riƙo. Mahaifinki a hannun gwaggonmu ya girma tun daga yaye. Ita ta sa shi makarantar allo, ita ta yi masa aure. Amma duk sallah sai ta sa masa sabuwar riga ta ce ya je ya gaida Inna da ta haife shi, ya dawo da tuwon sallah da 'yan kwabbai a aljihu. Bai taɓa ruɗewa kan wacce ce wacce ba, kuma wannan bai rage masa ƙaunar gwaggo ko ƙwayar zarra ba. A hannunsa gwaggo ta cika. Riƙon gida yana da nasa aibi, mun ga 'yan riƙon da aka mayar boyi-boyi, tallar safe daban ta yamma daban. Amma ko muguwar uwar riƙo ba ta cewa yaro ba shi da kowa.

Ta fuskar addini ma, kin san labarin Zaidu ɗan Harisa. An kama shi yana yaro aka sayar, ya zo hannun Nana Khadija, ta ba da shi ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da mahaifinsa da baffansa suka ji inda yake suka zo Makka da kuɗin fansa, ba a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki ba. An kira shi ya gan su, aka ba shi zaɓi, ya zaɓi zama inda yake, mahaifinsa ya koma hankali kwance don ya ga hannun da ɗansa yake. Daga baya ayoyi na 4 da na 5 na Suratul Ahzab suka hana jingina ɗa ga wanda ba mahaifinsa ba, Zaidu ya koma amsa sunan Harisa. Ki lura, yaron da aka bari ya ga nasa, shi ne da bakinsa ya zaɓi mai riƙonsa.

Kin ce mini matar ba Musulma ba ce. Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, mahaifiyarta ta zo mata Madina ba ta musulunta ba, ta tambayi Manzon Allah ko ta sada zumunci da ita, aka umarce ta da ta sada. In yaron nan ya balaga, haƙƙin mahaifiyarsa na wuyansa, ko wane addini take bi. Ta yaya zai sauke haƙƙin wadda aka ɓatar masa da sawunta? Ita kanta dokar Ingila da ta ce tamkar ku kuka haife shi, da aka zo maganar aure sai ta ja da baya: sashe na 74 ya bar haramcin aure tsakaninsa da danginsa na jini yadda yake. Kin ce yana da ƙanwa da aka ba wasu mutane a wani gari. Yara yanzu a jami'a suke haɗuwa, a intanet suke haɗuwa. Wanda bai san sunan ƙanwarsa ba, da me zai kiyaye?

Na san abin da ke cin ranki, ba sai kin faɗa ba. Kin daɗe kina jiran haihuwa, kin sha maganganun dangin miji, kin sha zaryar asibiti. Da Allah ya kawo yaron nan, ke kika yi rainon dare, ke kika kwana a kansa lokacin da asma ta tasar masa. Sai ga ambulan daga ofis kowace shekara yana tuna miki akwai wata. Na ga na bara a durowar kicin, ƙarƙashin takardun wuta da na ruwa, ko buɗe shi ba a yi ba, lokacin da kika ce in miƙo miki ashana. Kishi ne, 'yata, kuma kowace mace ta san shi. Amma matar nan ba kishiyarki ba ce. Ba ta da hanyar karɓe shi, don umarnin riƙo ba a warware shi sai a wani yanayi da ba kasafai ake gani ba. Duk abin da ya rage mata na ɗanta a duniya shafi guda ne a shekara.

Na sha zama da irinta suna rubuta wasiƙun nan. Mace ta shigo ofis da biro da takarda, ta yi awa biyu ba ta cika layi goma ba. Ta rubuta ta soke, ta rubuta ta soke. An gaya mata kada ta ce kewarsa na hana ta barci, don kada a ɗora wa yaro nauyi. Kada ta yi masa alkawarin za su haɗu. Wani lokaci ma a ce ta sa sunanta kawai a ƙasa, ban da "Mama". Sai ta ƙare da tambayar wane launi yake so yanzu, ko haƙoransa na gaba sun fito, ko har yanzu yana tsoron kare. Ta miƙa, ta tafi ta fara ƙirga watanni. In amsa ba ta zo ba, abin da ke fara zuwa mata a rai shi ne ko wani abu ya same shi ba a gaya mata ba.

Ban ce kowane mahaifi ya cancanci a neme shi ba. Akwai waɗanda suka azabtar da 'ya'yansu, ko jin sunansu na tayar wa yaro da hankali, kuma domin irinsu aka sa umarnin hani a sashe na 51A. Da irin wannan ce, ni zan fara cewa ki nemi kotu ta yi muku tsakani. Amma ke da bakinki kika gaya mini abin da aka samu a kanta: yarinya ce ƙarama, ga ciwon damuwa, ga namijin da ke dukanta, ta kasa kula da ɗa. Ta kasa, an karɓe, kuma karɓewar ta yi daidai. Hukunci ke nan an yanke, ta kuma ɗanɗana. Ba a ce ki ƙara mata wani a kai ba.

Kin kuma ce bayan wasiƙar ƙarshe da kika karanta masa ya yi kwanaki ba ya walwala, har da fitsarin kwance. Na yarda. Amma yaron da ya ji labarin mahaifiyarsa ya yi tsuru, tambaya ce fal cikinsa, kuma ɓoye wasiƙa koya masa zai yi cewa irin wannan tambaya ba a yin ta a gidan nan. Gyaran shi ne a sauya lokaci da yadda ake karantawa. A kauce wa daren makaranta da ranar haihuwarsa, a zaɓi yini mai natsuwa, a karanta kaɗan, a bar shi ya yi tambaya ko ya tashi ya tafi wasa. In abin ya fi ƙarfinku, doka ta ba ku damar neman ƙaramar hukuma ta duba tallafin da kuke buƙata, har da taimako kan hulɗa da dangi.

Sannan ki dubi gaba. Nan da 'yan shekaru waya na hannunsa. Ya san sunan mahaifiyarsa, yana cikin littafin tarihin rayuwarsa da jami'ar walwala ta haɗa masa. Dare ɗaya ya ishe shi ya nemo ta a Facebook ko TikTok, yana ɗakinsa, ke kina barci. Babu ofis a tsakani, babu babba a kusa, kuma wanda zai fara amsa masa ba lallai ita ba ce, yana iya zama mutumin nan da ya riƙa dukanta. Gidajen da na ga haka ta faru, yawanci waɗanda aka mayar da zancen haramun ne a cikinsu. Ko bai yi haka ba, ranar da ya cika 18 yana da ikon neman takardar haihuwarsa ta asali da bayanan fayil ɗinsa, wanda doka ta ce a adana shekara 100. Zai ga shekarun da ta rubuto, ya ga shekarun da ba a amsa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. So nake ranar ta same ki kina zaune kusa da shi, babu abin da zai karanta wanda ba ki riga kin gaya masa ba.

To ga abin da za ki yi. Ki ɗauko ambulan ɗin nan ku buɗe, ke da maigidanki, bayan yaron ya yi barci. Ki kira ofishin akwatin wasiƙa ki ce kina so ki ci gaba. Ba za su yi miki gori ba, sun saba. Ki rubuta shafi ɗaya ko biyu. Ki fara da ba ta haƙurin shirun da aka yi, layi ɗaya ya isa, ba sai kin kawo dalili ba. Ki amsa tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Ki gaya mata tsawonsa, da abincin da yake so, da wasan da ya iya, da abin da ya faɗa ya ba ku dariya. Kada ki cika ta da labarin hutu a Dubai da sabuwar mota, mai ƙaramin ƙarfi ce, labarin ɗanta take nema. Ki tambaye ta abin da ke kanki ba ki sani ba: wa ke da asma a danginsu, akwai sikila ko ciwon sukari, wa ya zaɓa masa sunansa na farko. Likita zai yi masa irin waɗannan tambayoyi wata rana, ita ke da amsar. In yaron na so, ya yi zane a saka a ciki. In ba ya so kada a matsa masa, nauyin wasiƙar a kan manya yake. Ki ajiye kwafin kowace wasiƙa, taki da tata, a akwati guda da zai zama nasa.

Maganar ƙanwarsa kuma kada ta wuce wannan shekara. Ki nemi ofis su haɗa ki da masu riƙonta. Ita da shi ba su yi wa kowa laifi ba, kuma in Allah ya ja kwanansu, zumuncinsu zai wuce zamaninki da nawa. A fara da kati da hoto, in an saba a haɗu a wurin wasan yara da rana, kowa da iyayensa. Zumunta a ƙafa take. Ita mahaifiyar kuwa, ban ce ki kai mata shi gobe ba. In wasiƙa ta daidaita, ki shawarci jami'an ko za ku gana ke da ita a ofis, ba tare da yaron ba. Matan da na ga sun yi haka, yawanci sukan fito suna cewa ashe baiwar Allah ce abin tausayi.

Ki gaida maigidanki, ki ce maganar nan har da shi, don ku biyu kuka sa hannu. Kada ya bar miki ita wai sha'anin mata ne. Ɗa namiji na lura da abin da babansa ya ɗauka da muhimmanci. In kuma shi ne ke hana ki, ki faɗa mini, zan kira shi da kaina.

Ban rubuto don in rage miki matsayi ba. Ke ce uwar da ya sani, ke yake kira in ya farka da dare, kuma ladan mai riƙon yaro mai rauni Allah kaɗai ya san iyakarsa. So nake ladan ya cika, kada ki zo da tulin alheri a tarar da haƙƙin wata a ciki. Kotu ba za ta tambaye ki ba, amma yaron zai tambaye ki, Allah ma zai tambaya. Ki rubuta wasiƙar nan kafin watan nan ya ƙare. In kin rasa ta inda za ki fara, ki zo gida ranar Asabar mu zauna mu rubuta tare.

Allah ya yi miki albarka, ya albarkaci gidanki.

Taki har kullum,
Gwaggonki.